Oom Sakkie da Cikon Na Uku

Duk wanda ya zauna a unguwar Tseiblaagte a 'yan shekarun nan ya san Oom Sakkie Boois, wato Kawu Sakkie. Ko bai san sunansa ba, ya san tsohon nan da ke fitowa da sassafe goye da koriyar jaka, da sanda a hannu, ya miƙe hanyar bayan gari kamar wanda aka aika. Ni na san shi tun kafin jakar. Sunana Dries Tiboth, tare muka yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Keetmanshoop. Shi yana haɗa taragu yana rabawa, ni ina cikin masu gyaran layin dogo, har ranar da aka sallame mu da fansho.

Gajere ne siriri, ba mai yawan magana ba. Yatsu biyu na hannunsa na hagu sun tafi tun yana saurayi, wata rana da taragu biyu suka haɗu kafin ya janye. Idan yara suka tambaye shi, sai ya ce ya ba jirgi aro ne, har yanzu bai dawo da su ba. Wannan kaɗai ce zolayar da na san shi da ita.

A wata gonar Bature aka haife shi, can kudu, dab da bakin kwazazzabon Visrivier. Ubansa tumakin mai gonar yake kiwo. Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro yakan kwanta rub da ciki a gefen dutse ya leƙa ƙasa, ya hango kogin can nesa kamar an yar da zare. Uban ya ce duk ranar da ya kama shi yana neman hanyar sauka sai ya karya masa ƙafa da hannunsa, don gara gurgu a gida da gawa a rami. Bai kai ga sauka ba aka zo da manyan motoci aka kwashe su zuwa wajen Berseba, da akuyoyinsu da tukwanensu, ba a tambayi kowa ba. Da ya girma ya ji cewa mutane na ratsa kwazazzabon da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, don nishaɗi kawai. Amma a lokacin ba irinmu ake ba izini ba, sai Turawa. Da ƙasa ta samu 'yanci kuma, ga 'ya'ya a makaranta, ga aiki. Maganar ta kwanta.

Bayan ya bar aiki ne ya je Windhoek duba 'yarsa Elsabe, ya dawo da wani ɗan littafi. Ya same mu a gindin bishiyar ƙofar gidana muna buga domino, ni da Oom Fritz Kooper, wani tsohon mahauci mai tumbi da dariya kamar ta mutum biyar. Sakkie ya ture 'ya'yan domino gefe ya shimfiɗa taswirar da ke naɗe a bayan littafin.

"Ga inda ake sauka," ya ce, yana ɗora guntun yatsansa. "Ga inda ake fita. Kwana biyar. Komai na nan a rubuce, inda ake samun ruwa, inda ake tsallake kogi, inda ake yanke."

Fritz ya duba taswirar, ya dube shi. "Wa ya rasu a can?"

"Babu wanda ya rasu."

"To biki ake?"

"Tafiya ce kawai, Fritz."

"Tafiya kawai! Sakkie, kakanninmu sun yi ta tafiya kawai har ƙafafunsu suka tsage, saboda ba su da mota. Kai yanzu ka tsufa za ka biya kuɗi a bar ka ka wahala?"

Sakkie ya jawo littafin gabansa. Ya buɗe shafin farko ya karanta mana sharuɗɗan. Sai a lokacin sanyi ake barin mutane su shiga. Sai da takardar likita mai nuna mutum lafiyarsa ƙalau. Kuma ba a barin ƙasa da mutum uku, don in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya je neman taimako. Ya rufe littafin ya ce, "Mu uku ne a nan."

Ni dai na amsa ne don kunya. Fritz kuwa ya amsa don ya ji an ce a ƙarshen hanyar akwai ruwan zafi da ake shiga a kwanta, da wurin sayar da giya mai sanyi.

Haka muka fara shiri. Littafin ya ce a saba da nauyi tun da wuri, don haka Sakkie ya cika mana jakunkuna da yashi a tsofaffin buhunan garin masara. Muna fita da safe sanyi na cizon kunne, mu wuce makabarta, mu shiga cikin baƙaƙen duwatsun bayan gari. Sakkie na gaba da littafin a aljihun ƙirji, cikin ledar burodi. Duk inda muka tsaya hutawa sai ya ciro ya karanta mana wani abu. Kada a sa sabon takalmi. A sa safa biyu. A tafasa ruwa. A rataye abinci saboda birai. Ya yanke wutsiyar cokalinsa don littafin ya ce kowane ɗan nauyi sai an ji shi a rana ta uku. 'Yan tasi in sun wuce mu sai su danna hon su leƙo. "Oom, an kore ku daga gida ne?"

Fritz bai daɗe ba. Wata safiya muka waiwaya muka hango shi zaune a inuwar bishiyar kokerboom, ya zazzage yashinsa a ƙasa, yana cin biltong, kilishin nan namu da aka ce na gwaji ne.

"Ku ci gaba," ya ce. "Na ga hoton wurin a littafi. Yana da kyau. Ya ishe ni."

"Fritz, ka yi alkawari."

"Na yi wa matata alkawarin barin giya ma, ran ɗaurin aurenmu. Je ka tambaye ta."

Aka yi dariya, amma Sakkie bai yi ba. Daga ranar ya shiga neman na uku. Ya tambayi fasto, fasto ya ce gwiwa. Ya tambayi 'ya'yan ƙannensa, suka ce aiki, wani kuma ya ce abin Turawa ne wannan. Ya tambayi tsofaffin abokan aikinmu ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi. Lokacin sanyi ya zo ya wuce. Sakkie ya daina fita. Sai ka same shi a bayan gida zaune a kan kwandon lemo, littafin a cinya, ba ya ko buɗewa.

Matarsa Antie Dorkas ɗinki take yi, irin rigunan nan namu na haɗe-haɗen ƙyallaye, da safe kuma ta soya vetkoek, fanken nan namu, ta kai ƙofar makaranta. Doguwa ce, ta fi shi tsawo da kai guda, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Tun ranar da littafin ya shigo gidan take yi masa tsiya. Takan ce mutumin da ba ya iya gano gishiri a kicin ɗinsa shi ne zai gano hanya a cikin rami. Ina gidan ranar da ta fito da kofin shayi biyu, ta dire mana, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Wai mutum nawa aka ce?"

"Uku."

"An ce dole sai maza?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ba a ce ba."

"To rubuta sunana. Na gaji da share ƙasa ina zagaya ka kamar kututture."

"Dorkas, ba wasa ba ne. Akwai duwatsu, akwai yashi, akwai..."

"Na yi shekaru ina ɗaukar itace daga rafi da Elsabe a baya da wani a ciki. Kai me ka taɓa ɗauka ban da fitilar tasha? Sha shayinka."

Mun ɗauka kwana biyu za ta yi ta bari. Ashe mu ne za mu sha kunya. Ta sa takalmin ɗanta na makaranta da ya bari, ta ɗaure kallabi, ta sa wandon Sakkie a ƙarƙashin riga. Cikin 'yan makonni mu ne ke bin bayanta. Takan hau kan dutse ta jira mu tana kiran, "Ku taho mana, 'yan fansho!" Ta karɓi jerin kayan da littafin ya ce a ɗauka ta soke rabi. Ta farke jakar Sakkie ta sake ɗinke maɗaurin yadda zai zauna a ƙugu. Ta ɗinka mana barguna irin waɗanda ake shiga ciki kamar buhu, nawa da ragowar labulen coci. Ta yanka naman akuya ta shanya, ta gasa busasshen burodi ta cika gwangwani.

Matar nan ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai jana'iza da taron matan coci. Yanzu sai ga ta tana tsayawa a hanya tana tambayar sunan tsuntsu. Akwai wani shafi a littafin da ke maganar wani wuri a tsakiyar kwazazzabon, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a gindin itatuwan dabino. Ta sa Sakkie ya karanta mata shi ya fi a ƙirga.

"Dabino a cikin wannan ƙonannen wuri?" takan ce. "Ƙarya ce ta masu littafi. Sai na gani da idona."

Ban taɓa ganin Sakkie da walwala kamar a watannin nan ba. Har ƙiba ya ɗan yi a kumatu. Wata rana muna dawowa na ji yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ita kuma tana gyara masa inda yake kuskure.

Da aka ba mu ranar tafiya, sai ya rage takardar likita, don ba a yarda da tsohuwa ba, sai wadda aka sa wa hannu dab da lokaci. Muka tafi asibiti mu uku da kayan zuwa coci. Ni aka fara kira. Likitar, wata yarinya mai fara'a, ta ce in rage taba, ta sa hannu. Sakkie ya shiga ya fito yana kaɗa tasa takardar. Dorkas ta shiga, aka rufe ƙofa.

Muka zauna a benci. Mutanen da suka zo bayanmu suka fara ƙorafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta shiga, ta fito, ta koma da wata. Sakkie ya ninke takardarsa ya warware, ya sake ninkewa. Da Dorkas ta fito, takarda ce a hannunta, amma ba irin tamu ba.

"An ce sai na je Windhoek an ƙara dubawa," ta ce. "Ku daina kallona kamar na saci akuya. Ku tashi mu je, na bar ƙullu a rufe."

Wani ƙullutu ne likitar ta taɓo a ƙarƙashin hammatarta, da wani a mama. A Windhoek suka ce sankara ce, kuma ta riga ta yi nisa. Matata Marta ta ce ba yadda za a yi mace ta ɗauki abu irin wannan a jikinta ba ta sani ba, ta ce Dorkas ta daɗe da sani, shiru kawai ta yi. Ni ban sani ba. Ban tambaye ta ba, kuma ban ji Sakkie ya tambaya ba.

Ranar da aka ba mu ta zo ta wuce suna can. Aka yi mata aiki, aka fara ɗura mata maganin nan mai zubar da gashi. Suka riƙa kai da komowa a motar haya, tafiyar yini guda, ita tana amai a leda, shi yana riƙe mata kai. Idan suka dawo ta kwana biyu ta ɗan farfaɗo, sai ta ɗaure kallabi ta ce a fita. Ba jaka yanzu. Da farko muna kaiwa bakin duwatsu. Daga baya makabarta ce iyakarmu, ta zauna a kan katanga ta ce, "To, na ga unguwar, mu koma." Sannan ya zama ƙofar coci. Sannan shagon kan kwana.

Sakkie ya ɗauke littafin ya jefa saman kabad. Wata rana da muke gyara masa famfo a bayan gida ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Da ban kai ta wurin likitar nan ba."

"Sakkie, likita gano shi ta yi. Ba ita ta sa shi ba."

"Na sani."

"To?"

"Na sani, Dries. Amma kafin ranar nan lafiyarta ƙalau. Kai ma ka gan ta a kan dutse."

 Na ci gaba da ɗaure famfon.

Da wani lokacin sanyin ya matso, Dorkas ta tayar da maganar. Tana kwance a doguwar kujera a falo, ta rame har zoben aurenta ta mayar yatsan tsakiya. Ni da Marta mun kawo miya.

"Sauko da littafin nan," ta ce masa.

"Ya yi ƙura."

"Ka kaɗe. Ka nemi wani ku cika uku, ku tafi bana. Marta za ta zauna da ni."

"Ba inda za ni."

"Za ka."

"Na ce ba inda za ni, Dorkas."

Ta yunƙura ta tashi zaune, ta kira shi da sunansa na yanka. "Kada ka ɗora mini wannan, Isak Boois. Ubanka ya hana ka, Turawa sun hana ka, yara sun hana ka. Ni ba zan shiga layin nan ba. Ba za ka zauna kana gaya wa mutane Dorkas ce ta hana ni ba."

"Ba wanda zan gaya wa haka."

"Fuskarka za ta faɗa. Na san fuskar nan."

Ya tashi ya fita bayan gida. Muka ji yana ta sara itacen da ba a bukata. Ita kuma ta koma ta kwanta ta juya wa bango fuska. Marta ta zuba miyar, ba wanda ya sha.

Bai tafi ba. Amma ya sauko da littafin, kuma da la'asar in zafin jikin ya ɗan lafa yakan zauna a gefenta ya karanta mata, daga saukar farko har fita. Wani lokaci ta yi barci a tsakiya, shi kuma ya ci gaba har ƙarshen shafi. Shi ke yi mata wanka, shi ke dafa pap, kunun masara mai ruwa-ruwa, yana ba ta a cokali. Ya koyi soya vetkoek don kada yaran makaranta su saba da na wata, amma nasa ba ya tashi, yaran suka gudu.

Ta rasu cikin tsananin zafi, ana saura kaɗan Kirsimeti, don mu a nan lokacin ne bazara. Mata suka cika gidan da rigunan da ita ta ɗinka musu, suna waƙa da harshenmu. Fritz ya yanka awaki, yana fiɗa yana kuka kamar yaro. Sakkie ya tsaya a bakin kabari da hularsa a hannu, bai zubar da hawaye ba, bai kuma ce komai ba da aka ba shi dama ya yi magana. Allah ya jiƙan Antie Dorkas.

Elsabe ce ta sake ɗaga zancen tafiyar. Tana ganin abin da zai taso da uban ke nan. Wasu abokan aikinta a Windhoek sun shirya shiga kwazazzabon, kuma suna da gurbin mutum biyu. Ta bugo mini waya ta ce, "Oom Dries, don Allah ka lallashe shi. Mama ma abin da take so ke nan." Ban sha wahalar lallashi ba. Ya ce to, kamar an ce masa ya je ya biya kuɗin wuta. Muka koma asibiti, wani likita dabam ya sa mana hannu. Sakkie bai zauna a bencin ba, a waje ya jira har aka kira shi.

Abokan aikin Elsabe mutanen kirki ne, maza da mata, duk sun girme ta kaɗan. Shugabansu wani mai suna Tjipe, dogo mai yawan dariya, tun a mota yake kiran mu "manyanmu". Muka isa bakin kwazazzabon da hantsi. Na dubi Sakkie don in ga yadda fuskarsa za ta yi. Ya leƙa ƙasa na ɗan lokaci, ya gyara maɗaurin jakarsa, ya ce, "Mu je."

Saukar ta fi yadda littafin ya faɗa. Da farko sarƙa ake kamawa ana bin gefen dutse, sannan gangare mai tsakuwa da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Ni sai da na riƙa dafa duwatsu ina sauka a hankali. Sakkie kuwa da yatsunsa takwas ya sauka tsaf, har yana miƙa wa wata daga cikin matan hannu. Rana ta yi ƙasa muka isa bakin ruwa. Matasan suka yi ihu suka faɗa ciki da kayansu. Shi ya zauna a kan yashi ya cire takalmi, ya zazzage, ya mayar.

Washegari muka shiga duwatsu, manya-manya kamar ɗakuna, sai an hau an sauka, an cire jaka an miƙa. In an fita duwatsu a faɗa yashi mai cinye ƙafa. Sakkie bai ciro littafin ko sau ɗaya ba, ya haddace. Kafin mu sha kwana zai ce akwai tafki a gaba, ko nan za a tsallaka hagu, ya faɗa da murya ɗaya kamar mai karanta jadawalin jirage. Wajen tsakar rana muka ga sawun dawakan jeji a laka. Ya tsaya, ya juya baya da sauri kamar zai kira wani, sai ya ga ni ne a bayansa. Ya juya ya ci gaba.

Daga nan ya fara ja baya. Akwai wata hanya da ke haurawa sama daga cikin kwazazzabon, wadda aka tanada don wanda ya ji ciwo ko ya kasa. Da muka iso gindinta, ya sauke jakarsa ya zauna a kan dutse.

"Dries, ni a nan zan fita."

"Ƙafa ce?"

"Ƙafa lafiya."

"Ƙirji?"

"Lafiyata ƙalau."

Tjipe ya dawo da baya ya durƙusa a gabansa. "Oom, mun wuce mafi wuya fa. Ruwan zafin nan da dabino suna nan gaba kaɗan, yau ɗin nan za mu kwana a can. Kawo jakar in ɗaukar maka."

"Na san inda suke, ɗana."

"To mu je mana ka gani da idonka."

Sakkie ya girgiza kai. "Ku je. Allah ya kai ku lafiya."

Suka yi ta roƙo, har wata ta fara share hawaye, don Elsabe ta ba su labari. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya magana ba. Da na ga haka na ce su tafi, zan fita da shi. Suka bar mana ruwa, muka yi sallama, muka ga suna ƙanƙancewa a cikin duwatsu har kwana ta ɓoye su.

Hawan ya ci mana sauran yinin. Rana na dukan dutse, dutse na mayar mana. A wani wuri da muka tsaya numfashi na ce, "Sakkie, saboda Allah, me ya faru?"

 Ya ce, "In na kai ƙarshe, wa zan gaya wa?"

"Ka gaya wa Elsabe. Ka gaya wa Fritz."

"Fritz," ya ce, ya ɗan yi murmushi. Ya miƙe muka ci gaba.

A sama babu komai sai fili da iska da wata hanyar tsakuwa. Muka zauna a gefenta har Allah ya kawo wata motar masu yawon buɗe ido, suka matsa mana a baya tsakanin akwatuna. Suna ta tambayarmu yaya can ƙasan yake. Ni na riƙa amsawa.

Bayan mun dawo bai ƙara fita da jaka ba. Mutane suka tambaya kwana biyu, ya ce gwiwa ce, suka ce ai dama sun faɗa. Kafin shekara ta zagayo Elsabe ta zo ta same shi ya bar tukunya a wuta ya manta, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Aka ba wani ɗan sanda hayar gidan. Keken ɗinkin Dorkas aka ba Marta.

Yana nan da rai. Na je na gan shi bara, da na kai Marta asibitin ido. Gidan Elsabe a unguwar Khomasdal ta Windhoek yake, mai doguwar katanga da wayar lantarki a sama. An ba shi ɗaki mai kyau a baya, da gado mai laushi da talabijin. Na same shi zaune yana kallon wasan ƙwallo ba murya. Ya yi jiki, ƙafafunsa sun kumbura a cikin silifa. Ya tambaye ni wa da wa suka rasu, na lissafa masa. Ya tambaya ko an yi ruwa a garin Tses, na ce an ɗan yi. Ya ce ɗan sandan nan yana ba itacen lemon bayan gida ruwa? Na ce yana ba shi, ko da yake ban duba ba.

Da na tashi tafiya ya ce zai raka ni bakin titi. Muka tako a hankali har ƙofar gidan, wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai buɗewa da na'ura. Ya laluba aljihunsa, ya dube ni.

"Abin buɗewar yana wurin Elsabe," ya ce. "Tana tsoron kada in fita in ɓata."

"Kai ɗin?"

"Garin ne da yawa, Dries. Motoci."

Ya ƙwala mata kira, ba ta ji ba, tana waya a ciki. Muka tsaya mu biyu a rana muna jira, yana riƙe da ƙarfen ƙofar, muna kallon tasi suna wucewa ta tsakanin sandunan.